Masu Taya Haɗa Keke a Unguwar Gai

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a ƙasar Rano da Kibiya. Babura da yawa sun koma zaure an lulluɓe su da buhu, samari kuma suka shiga neman keke mai giya, irin mai kaurin tayar nan da ba ya tsoron burji ko kwazazzabo. Sai dai cikakkensa tsada gare shi. Shi ya sa wani kan yi dabara, ya je Kano ya sayo firam tsirararsa, ya ce sauran kayan a hankali zai tara. Daga ranar da ya sauke shi a gindin darbejiyar mai faci a Unguwar Gai, jama'a sun samu aikin yi.

Shi kansa mai firam ɗin abin kallo ne. A lissafinsa abu uku suka rage masa: taya, sarƙa, sirdi. Bai san da boris ɗin wuya ba, bai san cokalin gaba daban ake sayensa ba, balle wayoyin birki da na giya. Ya yi wa abokai alkawarin ranar Juma'a zai hau. Juma'ar takan zo bayan an cire gyaɗa, kafin nan firam na rataye a ɗaki, uwargida na shanya mayafi a kansa.

Wanda ke fara isowa shi ne dattijon Raleigh. Ya mallaki kekensa tun lokacin da kamfanin ke haɗa kekuna a Kano, har yau kuma yana goge shi da tsumma kowace safiya. Zai ɗaga firam ɗin alminiyom da yatsa biyu, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai. "Ɗan nan, gwangwani suka sayar maka. Ina kariya? Ina ƙararrawa? Buhun dawa a ina za ka ɗora shi?" A wurinsa nauyi shi ne inganci, giya kuwa ta ragwaye ce, tunda shi da ƙafarsa ya sha hawa tudun Rano da kaya niƙi-niƙi. Kuma ba a ce ya yi ƙarya duka ba. Irin wannan keke mai giya wasu samarin Kalifoniya ne a Amurka suka fara harhaɗa shi a shekarun 1970, don su riƙa tseren gangarowa daga kan duwatsu, ba wanda ya yi tunanin kai taki gona a cikinsu. Kada dai ka gaya wa Baba haka. Zai ce dama ya sani, aikin ƙoshi ne.

Kusa da shi akwai malamin waya. Ya kalli bidiyon haɗa keke a YouTube har ya haddace, bakinsa cike da Shimano, ya san wili akwai mai inci 26, da 27.5, da 29. Hannunsa bai taɓa shafar giris ba, kuma farar shadda yake zuwa da ita don kada a ce ya riƙe wani abu. Duk sifanar da mai faci ya ɗauko sai ya ce ba irinta Bature ya yi amfani da ita ba. Daidai wurin da ake buƙatarsa, wajen saita giyar baya, nan datarsa ke ƙarewa.

Mafi haɗari shi ne mai guduma, kuma shi ya fi kowa son taimako, abin da ya sa korarsa ke da wuya. A iliminsa duk abin da ya ƙi shiga taurin kai ne. Ga shi kuwa fedar hagu a juye ake ɗaure ta, hagu ake murzawa ta kama, haka masu ƙira suka yi da gangan don kada tuƙi ya kwance ta a hanya. A yawancin firam ma murfin dama na gindin feda haka yake. Mai guduma ba ruwansa. Zai murza dama, ta ƙi, ya tofa yawu a tafi, ya sa wa sifana bututu don ƙarin ƙarfi, ya taka da ƙafa. Alminiyom kuwa laushi gare shi, tiredi ya cinye ke nan. Sai ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Kayan yanzu ba su da ƙwari, a kai wa mai walda." Mai waldan ƙauye da injinsa na ƙofa da taga ba abin da zai iya yi wa alminiyom sai huda. In ka hango mutumin nan tafe, aike shi sayo rake.

Sai mai "akwai a gida". Kome aka ambata yana da shi a bayan rumbu. Zai tafi ya dawo da wilin tsohon Phoenix mai inci 28, ya ci tsatsa, kaji sun yi ƙwai a kansa, ya ce a gwada a firam ɗin 26 ko Allah zai sa. Abu ɗaya na yarda da shi a kai: in sandar sirdi ta yi wa ramin firam sako-sako, yankan gwangwanin madara da yake naɗa mata yana riƙewa, malamin waya na kallo yana salati.

Mai lissafi ba ya zuwa sai an gama saye. "Nawa ka ba su? Kai, an cuce ka." Zai zauna ya tara maka kuɗin motar Kano na kowace tafiya, har wadda ka yi don noti guda, ya nuna maka cewa da ka sayi na gwanjo ɗan Kwatano da tuni kana hawa, har da canji. Ihu bayan hari. Abin haushin shi ne sau da yawa lissafinsa daidai ne, ko da yake shi ko famfo bai mallaka ba.

Mai aro kuwa tun firam ba taya ya kama layi: "Yaya, in an gama zan je Kibiya in dawo, ba zan daɗe ba."

Duk wannan hayaniya, akwai yaron mai faci a gefe, wanda ba a tambayarsa sai ruwan sha. Ya kifa keken, ya juya wili yana kallon inda yake gogar birki, ya ɗan murɗa sifok ɗaya, ya sassauta na kusa da shi, ya sake juyawa. Ya ja wayar giya da filaya, ya taɓa ƙananan kusoshin nan biyu da ke hana sarƙa zamewa daga kan giya, yana sauraron ƙararta har ta daina. Da la'asar keke ya tsaya da ƙafafunsa. Malamin waya ya ce dama haka ya faɗa tun safe, mai guduma ya nemi a ba shi na goro, Baba kuma ya riga ya aika a kwance kariyar wani tsohon keke, don ya rantse ba za a fita da wannan abu unguwa ba wurin ɗora kaya ba.