Kurmin Tsakiyar Birni

Ga ta nan, ga ta nanku.

A birnin dabbobi akwai wani kurmi da kakanni suka bari, mai tsamiya da kuka da gawo, da kududdufi a tsakiyarsa. Da bazara nan ake shan inuwa, da damina nan ruwan unguwanni yake taruwa ya kwanta.

Birni ya cika ya batse, haya ta fi ƙarfin talaka. Sai Gizo, dillalin filaye, ya je fada ya faɗi gaban Zaki.

"Ranka ya daɗe, Ɓera da 'ya'yansa tara a ɗaki guda suke kwana, ga fili can ba mai morarsa sai sauro. A yanka musu gefe kaɗan."

Zaki ya tausaya, ya sa hannu. Da aka yanka fuloti, Kura ta samu goma don ita ke tara wa fada jama'a, Dila ya samu biyar don hatimi na hannunsa. Ɓera kuwa aka ce ya dawo baɗi. Da shekara ta zagayo, Gizo ya sake kai kukan Ɓera, aka sake yankar gefe. Har aka fara cike kududdufi da shara. Kwaɗo ya kai ƙara, dogari ya ce ina takardarsa. Kwaɗo ba shi da takarda, a ruwan aka haife shi.

Gab da damina Shamuwa ta dawo daga tafiya, ta tarar an sare tsamiyar da take sheƙa a kai. Ta sauka kan kututture, ta tara dabbobi.

"'Yan'uwa, na ga birane biyu. A Yamai, tun 1965 aka fara dasa dogon yaro a kewayen birni, har kadada 2,500, don tare ƙura da rage zafi. Amma daga baya aka yi ta cin sa, ba a rana ɗaya ba, gefe-gefe aka bi shi da fuloti da juji. A Nairobi kuwa, a 1989 aka so kafa bene mai hawa 60 a lambun Uhuru. Wangari Maathai ta miƙe tun ba a aza tubali ba. An zage ta, an ci mutuncinta, ba ta ja da baya ba, har masu zuba kuɗi suka janye. Lambun yana nan. Ku zaɓi birnin da za ku zama."

Kowa ya ce gaskiya ne, kowa ya koma gida.

Sai ruwan Agusta ya sauko, ya nemi makwancinsa ya rasa. Gidajen Kura na kan tudu da harsashin siminti, don haka ɗakin Ɓera ruwan ya shiga, ya tafi da hatsi da tabarma.

Da gari ya waye Ɓera ya shige gaba, Kwaɗo da Zuma da Jemage da Kunkuru na biye, suka cika ƙofar fada.

"Ranka ya daɗe, da sunana aka sare kurmin nan. Ban samu ko taku ɗaya ba, kuma ni ruwa ya ci."

Zaki ya sunkuyar da kai. Kunkuru ya roƙi abu uku: a ƙirga itatuwan da suka rage a kafa musu iyaka, a yashe kududdufi, kuma kada a sake sa hannu kan fili sai sanƙira ya yi shela a kasuwa kowa ya ji. Zaki ya amince, ya karɓe hatimi daga Dila, ya ba Ɓera fili a bayan gari, da rijiya da hanya.

Suka dasa tsamiya a gurbin wadda aka sare, suna sane ba su za su sha inuwarta ba, sai jikoki. Gizo kuwa har yau yana zagaya kurmin da igiyar awo a aljihu. Shi ya sa suke gadi bi da bi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙurunƙus kan kusu.