Yadda Ake Noman Gawo Ba Tare da An Yi Gumi Ba

Duk manomin Dawakin Tofa da ke son gawo a gonarsa, ya fara da ɗaukar akuya aiki. Ƙwayar gawo ɓawonta tauri gare shi, ba ta saurin tsirowa sai an kankare ta ko an jiƙa ta a ruwan zafi. Akuya kuwa takan ci 'ya'yan da rani, cikinta ya tausasa ɓawon, ta ajiye irin haɗe da takinsa, kuma ba a taɓa jin ta nemi kuɗin ƙwadago ba. A kora ta wajen jigawa mai zurfin rairayi ko bakin fadama, domin saiwar gawo nutsawa take yi neman ruwa. Da zarar ya tsiro, a sallami ma'aikaciyar, don ita ce za ta fara cinye shi. A kewaye shi da ƙaya. Saura mataki mafi wuya: a ba maƙwabci ajiyar gatari, a kuma roƙe shi ya manta inda ya sa.

Wani zai ce gonakinmu gado ya yayyanka su, ina wurin itacen da inuwarsa za ta kashe gero? Ai gawo bauɗaɗɗe ne. Da damina, sa'ad da kuka da tsamiya ke kore shar, shi zubar da ganye yake yi, rana ta sauka kan shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Shi ya sa dawar gindinsa takan fi ta nesa tsawo. Da rani sai ya yi ganye, ya ciyar da dabbobi lokacin da harawa ta yi tsada.

Wani kuma zai ce ba a kai 'ya'yan gawo kasuwar Dawanau. Ko da haka ne, buhun hatsin da aka ƙara a gindinsa ana kai shi. Manoman Maraɗi sun gane haka tun wajen 1984, da suka fara sassaben zamani: a bar kututture ya yi toho, a rage rassan, a bar masu ƙarfi. Ta haka miliyoyin itatuwa suka dawo kudancin Nijar ba tare da an yi bikin dashe ba. Wanda ya ga wannan aiki ya yi masa yawa, to ya sayi takin zamani, ya tambayi farashin buhu tukuna yana zaune.