Ni da Jakar Ko-ta-kwana

Ranar 1 ga Agustan 2024, da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikice a Kano har gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, ni ina gida kwance da zazzaɓi, ko ƙwarzane ban samu ba. Wani abokin aikina ne abin ya ritsa da shi a ofis, ya kwana da biskit biyu da ruwan buta. Labarin nan nasa ya hana ni sakat. Na tuno Janairun 2022, da 'yan A Daidaita Sahu suka tafi yajin aiki, gari ya koma kamar hawan Sallah babu dawaki. Na ce wa raina, magidanci mai aiki a Bompai yana kwana a Rijiyar Zaki bai kamata a kama shi hannu rabbana ba.

Sai na faɗa YouTube. Can na tarar da wasu ƙartin Amurkawa masu gemu, kowa da jakarsa a bayan ƙofa yana jiran tashin duniya. Sharuɗɗansu uku: jaka ta riƙe ka awa 72, ka tanadi ruwa wajen lita 4 na kowace rana, kuma nauyinta kada ya haura kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Biyun farko na haddace. Na ukun na yi kamar ba da ni ake ba.

Na sayo jakar goyo ta gwanjo a Ƙofar Wambai, irin ta sojoji, aljihunta ya fi na ɗan siyasa yawa. Wata uku ina cusa mata kaya: ruwa lita 12, garin kwaki, sukari, ƙuli-ƙuli, kilishi, kifin gwangwani shida, tocila, rediyo, gidan sauro, bargo, da wasu tarkace da za ku gani nan gaba, domin jama'a da yawa sun gan su. Matata, Maman Abba, ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Malam, hijira za mu yi ne ba a gaya mini ba?"

Na ce mata mata ba sa hangen nesa. Allah ya yafe mini wannan magana. Na kai jakar wajen mai gas na unguwarmu ya ɗora a sikeli, ta ba da kilo 21. Ni kaina 68 ne, har da hula. Na jingine ta a bayan ƙofar ɗaki, ta yi wata biyar a nan.

Amurkawan sun ce jakar da ba a gwada ba kaya ce kawai. Mai hankali da ya gwada tasa a Disamba, cikin sanyin hunturu. Ni sai na zaɓi wata Asabar a Afrilu, watan da zafin Kano ke haura digiri 40, ƙadangare ma sai ya yi shawara kafin ya tsallaka titi. Na goya ta na tashi daga ofis zuwa gida a ƙasa bayan azahar, sanye da shadda mai sitaci da takalmi sau-ciki na zuwa aiki. Ashe akwai bidiyo guda a kan takalmi kaɗai. Shi ne na tsallake.

Farkon tafiya daɗi. Ina taku ina tuna kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro a ƙasa, wata da watanni, su dawo lafiya. Me kilomita 15 za ta yi wa jikansu? Sai da na doshi Ƙofar Nasarawa, igiyoyin jakar suka fara yankar kafaɗata kamar zarto, sannan na gano inda lissafin ya kuskure. Su fatake jaka ce ke ɗaukar musu kaya, mai ƙafa huɗu da kunnuwa. Ni tawa jakar ni ke ɗaukar ta.

Daga Gidan Murtala titin ya miƙe sumul gefen badala, babu inuwar kirki. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, ta ga mayaƙa iri-iri, amma ina jin ba ta taɓa ganin mai zuwa yaƙi da shadda ba. Kowane ɗan A Daidaita sai ya rage gudu a gefena: "Alhaji, Kabuga? Janguza?" In ɗaga masa hannu da ƙarfin hali. Wani har ya bi ni a hankali yana cewa in ba kuɗi ne ba komai, shiga kawai. Wannan ta fi rana ƙona ni.

Ruwan da na goyo kuwa ya yi zafin da ganyen shayi kawai yake jira. Ga yara suna zagaya ni da fiya wata mai raɓa a jikin leda. Na ƙi saye, wai a ranar tashin hankali ba za a same su ba. Na riƙe wannan aƙida har Ɗan Agundi. A nan na sha leda uku a tsaye, da kilo 12 na ruwa a bayana.

Kafin Gadon Ƙaya dunduniyata ta dama ta yi bororo, ta hagu tana shirin bin sahu. Aka kira la'asar a wani masallacin bakin titi, na ce Alhamdulillahi, ga inuwa ga hutu. Na shiga da jakata, gumi ya jiƙa ni sharkaf, ido ja wur, ga wayar caji ta leƙo daga aljihun gefe tana reto. Na ajiye ta a bayan sahu, ta ce tim.

Kanawa ba su manta da abin da ya faru a babban masallacin Juma'a na cikin gari a 2014 ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Kafin a ta da iƙama na ga sahun da nake ciki ya zama nawa ni kaɗai. Wani dattijo ya matso, amma bai matso sosai ba.

"Bawan Allah, me ke cikin jakar nan?"

Da na ce littattafai ne da an wuce wajen. Sai bakina ya ce, "Kayan ko-ta-kwana ne, Baba."

Aka ɗage salla. Aka fito da ni waje da girmamawa irin wadda ba a musu da ita, aka shimfiɗa tabarma, aka ce in zazzage da hannuna. Nan take 'yan kallo suka kewaye ni kamar mai wasa da kura. Na ciro usur. Wani saurayi ya ce, "Alƙalin wasa ne." Na ciro kamfas, na ce na gane gabas ne. Dattijon ya nuna mini alƙibla da sandarsa, kyauta. Na ciro ƙugiyar kamun kifi, aka tambaye ni ko a kududdufin bayan badala zan yi su. Da igiya mai mita 20 ta fito, ladan ya ce, "Wannan fa? Rijiya za ka shiga?"

Na ce, "Rijiyar Zaki zan je."

Ban yi niyyar ba da dariya ba, amma ita ce ta cece ni.

Sai dai wulaƙanci na gaske yana ƙasan jaka. Na buɗe ƙunshin kilishi don in raba wa dattawa a wanke zukata, na tarar da takarda zalla, an naɗe ta tsaf yadda take, sai ƙanshi. Robar sukari wayam. Kifin gwangwani saura ɗaya. Na danna tocila, shiru, babu batir. Filastar da zan manna wa bororon ƙafata ma babu ita. Garin kwaki ne kaɗai ya riƙe amana, shi ma ƙwari sun riga ni buɗa-baki da shi.

Dattijon ya daɗe yana duban kayan, ya dubi ƙafata, ya juya ga jama'a ya yanke hukunci: "Wannan ba mugu ba ne. Wahalalle ne." Aka yi salla, ni a sahun gaba don a riƙa ganina. Bayan an sallame wani ya aika aka sayo mini fura, mai tireda ya ba ni silifa ya ce in kawo kuɗin duk ranar da na biyo. Ruwana lita 12 na juye shi a randar alwala, wannan kaɗai ne amfanin da ya yi wa al'umma.

Na ci gaba da jan ƙafa, shadda da silifa, sau-ciki a rataye a wuya. Na wuce Ƙofar Famfo da tsohuwar jami'ar Bayero ina ɗingishi. Magariba ta same ni a Kabuga, a nan jikan fatake ya ajiye makamai ya tsayar da A Daidaita. Direban ya ce kuɗin mutum biyu, don jakar ta cinye kujera. Na ce ba damuwa, akwai naira 20,000 da na ɓoye a aljihun sirri saboda rana irin ta yau. Na zura hannu har gwiwar hannu. Sai wata 'yar takarda da rubutun da na sani: "Na ara, zubin adashe." Na ce zan tura masa ta waya, netwok ya ce bai san zancen ba.

Har ƙofar gida ya kai ni, Maman Abba ta fito ta biya shi daga kuɗin cefanen gobe. Tana jiƙa mini ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri na fara tuhuma, ita kuma tana ba da amsa ko gezau. Sukari, ranar da baƙi suka zo daga Gwarzo da dare. Kifi, ranar da gas ya ƙare. Batir, rimot ne ya mutu ana tsakiyar shirin Labarina. Kilishi, wannan in tambayi Abba.

Na ce, "Ai na gaya miki jakar ta ko-ta-kwana ce!"

Ta ce, "To, Malam, ai ta kwana ɗin ce, sau huɗu. Yaushe za ka sake cika ta? Sukarin gidan ya kusa ƙarewa."