Yadda Ake Yi Idan An Haɗu da Mace Mai Ƙwanji

Duk namijin da ya yi kiciɓis da mace mai murɗaɗɗen damtse, abin da ake so ya fara yi shi ne rufe baki. An riga an san tambayar da ke kan harshensa: "To wannan wa zai aure ta?" Ya haɗiye abarsa. Ba wanda ya naɗa shi waliyyinta, kuma ba a ji ta kawo masa kukan rashin manemi ba.

Kada kuma ya kira ta namiji, ko da wasa, don akwai wanda ya gwada ya ji a aljihunsa. A 2014 Shamil Tarpischev, shugaban hukumar wasan tanis ta Rasha, ya hau talabijin ya mai da Serena Williams da yayarta Venus maza, don a yi dariya. Hukumar tanis ta mata, WTA, ta ci shi tarar dala 25,000, ta kuma dakatar da shi shekara guda. Ita ko Serena ta ci gaba da tara manyan kofuna har suka kai 23.

Akwai kuma gwanin majalisa, mai cewa ƙwanjin mace hoto ne kawai, shi da hannu ɗaya zai tanƙwara ta. Irin wannan ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya naɗe hannun riga. Folashade Oluwafemiayo, haifaffiyar Jos, ta kwanta rigingine a kan benci a gasar Olamfik ta nakasassu da aka yi a Paris a 2024, ta sauko da ƙarfe mai nauyin kilo 167 kan ƙirjinta, ta mai da shi sama. Buhun shinkafa uku ke nan har da ɗori. Gwanin namu kuwa buhu guda ake sauke masa a ƙofar gida ya hau ƙwala wa mai baro kira. Idan ya gama lissafin bai sha jinin jikinsa ba, sai a ƙyale shi ya gwada, amma a tanadi man zafi.

Mata nasu salon ya fi laushi, ya kuma fi zafi. A gidan biki za a bi baiwar Allah da ido tun daga zaure, sannan wata ta karkata ta raɗa wa ta kusa da ita: "Allah sarki, ga kyau har kyau, sai dai ta ɓata jikinta." Mai wannan magana ta daure ta kai ziyara ƙauye, ta dubi hannun gwaggonta da ta shekara arba'in tana luguden gero, tana jan guga a rijiya mai gaba goma, tana faskare. Jijiyoyi ne raɗa-raɗa, damtse kamar na ɗan dambe, amma ba a taɓa cewa gwaggo ta ɓata jikinta ba. Cewa ake yi ba ta da son jiki. Da alama matsalar ba ƙarfin ba ne, matuƙar tuwo yake haifarwa. Wadda kuma ke tsoron taɓa ƙarfe mai kilo biyu don kada ta wayi gari da kafaɗun ɗan dako, ta kwantar da hankalinta: aikin shekaru ne, da cima mai tsari, kuma sinadarin testosteron da ke hanzarta gina tsoka kaɗan ne a jikin mace.

Tela shi ma ya auna hannun riga, ya ƙara inci biyu, ya yi shiru.

Lokacin tafi kuwa kowa ya iya, ba sai an koya masa ba. Sai a 2000, a Sydney, aka fara barin mata su ɗaga ƙarfe a Olamfik, kuma a nan take Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya azurfa. A 2024 tawagar ƙasar ta dawo daga Olamfik hannu rabbana, zinare biyun da aka samu a gasar nakasassu kuwa Folashade da Onyinyechi Mark ne suka ɗago su. Ranar ba a ji mai tambayar aure ba.

Wanda Allah ya haɗa shi zama da mace mai ƙwanji, ya daina fama a ɓoye idan janareta ya ƙi tashi. Ya kira ta ta ja igiyar, shi ya riƙe mata tocila.