'Yan Fanshon Bakin Teku

Ranar da na cika shekara 60 aka ce in tattara takarduna in ba yara wuri, kamar yadda dokar aiki ta tanada a Gana. Na baro Kumasi da hayaniyarta na gangaro Cape Coast, garin da Fantawa ke kira Oguwa, da niyyar in shimfiɗa tabarma a gindin kwakwa in miƙe ƙafa. Garin ma ɗan fansho ne irina: shi ne hedikwatar Turawan Ingila har 1877, aka ɗauke mulki aka kai Akra, aka bar shi da makarantu da masunta da tsofaffin gine-gine. Na zaci zan tarar da tsofaffi suna gyangyaɗi. Ashe kowa ya taho da halinsa a cikin akwati.

Akwai Alhaji mai agogo. Ɗansa ya aiko masa da agogon nan mai ƙirga taku, tun daga ranar bai sake zama ba. Ana idar da Asuba zai tuɓe jallabiya, sai ga wandon motsa jiki a ciki. Ya bi gaɓar ruwa har tafkin Fosu ya dawo yana haki. In ka ce, "Alhaji, an tashi lafiya?" sai ya miƙo maka tsintsiyar hannu: "Duba nan, Malam, 8,200." Na taɓa kama shi a majalisa yana lilo da hannu a zaune, wai yana biyan bashin jiya. Shi ya ja mu gandun dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da gari, mu hau gadojin igiya bakwai da aka ɗaura a ƙoƙuwar itatuwa. A ta farko ya leƙa ƙasa, sai muka ji salati. Takun da agogon ya ƙirga ranar, rabinsa karkarwa ce.

Sai tsohon akanta, wanda ya zuba giratutinsa a rabin kwalekwale. Ya yi lissafi a takarda tsaf: taru kaza, kifi kaza, riba kaza. Ranar farko ya yi sammako, ya iske kwalekwale duk a kan yashi, mutane na zaune suna ɗinkin taru. Talata ce, masuntan wannan gaɓa kuwa ba sa shiga teku ran Talata. Laraba ya shiga. Igiyar ruwa ta uku ce ta dawo masa da koko da ƙosan da ya karya da su, aka kwantar da shi a cikin jirgi tare da kifin. Lissafin nasa bai san da layin man inji ba, bai san da watan da hukuma ke hana su a lokacin don kifi ya hayayyafa ba, bai kuma san cewa mata ne ke yanke farashi ba, ƙarƙashin sarauniyarsu ta masu kifi, wadda ba ta karanta akanta ba amma ba a taɓa cin ta a ciniki ba. Yanzu daga tudu yake duba dukiyarsa. Yaran jirgin suna ce masa Kyaftin, shi kuma yana amsawa.

Tsohon darakta bai san ya yi ritaya ba. Wata uku da zuwansa masallacin unguwa ya samu kwamitin buta, kwamitin tabarmi, da ƙaramin kwamitin da zai duba aikin kwamitin buta. Ko suna za a yi sai ya nemi a karanta bayanin zaman baya.

Wanda nake tausayi shi ne mai gini. Ya kafe sai gidan da zai buɗe taga ya ga ruwa. 'Yan gari suka ce ya ja baya kaɗan, ya ce hassada ce. Iskar teku kuwa gishiri take ɗauke da shi, ba ta barin ƙarfe. Kwanon rufi ya yi ja, kwaɗo ya ƙi buɗuwa, fanka ta fara kuka kamar akuya, motar da ya lallaɓa shekara 15 a Kumasi ta fara zubar da gindi. Duk Asabar yana kan tsani da gwangwanin fenti. Tagar da aka yi ginin dominta ta cije tun bara.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, ita kaɗai ta ci riba. Ta ce ta zo ne ta yi lazimi ta yi renon jikoki. Mako biyu ta zaga kasuwar Kotokuraba, ta ɗanɗana shinkafa da waken da ake sayarwa, wanda Ganawa suka ari sunansa daga bakinmu suka ce waakye, ta taɓe baki. Yau tukunyarta uku, 'yan aiki huɗu, ga kifi banda tana aikawa arewa. Masu saye suna bin layi shiru, don har yanzu muryar nan ta taron safe tana nan. Maigidanta, wanda ya taɓa riƙe ma'aikata guda, shi ke ba da canji.

Akwai kuma baƙinmu daga Amurka, jikokin waɗanda aka fitar ta ƙofar kurkukun bayi na garin nan da na Elmina. Obama ya ziyarci na garin nan a 2009, sannan da Gana ta ayyana 2019 shekarar dawowa gida baƙin suka ƙaru. Kukan da suke yi a ɗakunan nan masu duhu ba abin wasa ba ne, ni ma na yi. Abin dariyar yana kasuwa: mutum ya sa rigar kente, ya karɓi suna Kofi don ran Juma'a aka haife shi, ya buɗe baki ya yi gaisuwa, nan take kuɗin abarba ya ninka.

Na ƙarshe ɗan'uwana ne daga Bawku, mai kewar arewa. Wanki ba ya bushewa, kilishi na yin fumfuna, hunturun nan hunturun wasa ne, ruwan ma ya cika surutu da dare. Kullum cewa yake bayan Sallah zai koma. Wannan ce Sallah ta tara.

Ni kuwa matata ta ce nau'ina ya fi kowanne muni, mai zama a benci yana rubuta aibin mutane. In ka yi ritaya kana sha'awar zuwa, bismillah, akwai wuri a bencin. Ka dai taho da man shafa wa kwaɗo, kuma kada ka ce ɗanyen kifi za ka ci ran Talata.