Saint-Sulpice da Masu Farautar Asiri

Duk wanda ya tsaya gaban cocin Saint-Sulpice a birnin Paris zai lura hasumiyoyinsa biyu ba su yi daidai ba. Ta arewa ta fi tsayi da ado, ta kudu kuwa an bar ta ba a gama ba tun ƙarni na 18. An aza harsashin ginin a 1646, har yau magina ba su dawo sun ƙarasa hasumiyar kudu ba.

A ciki akwai zanen Delacroix na 1861, amma baƙi da dama wucewa suke yi, ido a ƙasa. Wani layin tagulla suke nema a daɓe, wanda masana taurari suka shimfiɗa don hasken rana ya taimaka wajen ƙididdige ranar bikin Ista. Littafin Dan Brown na 2003, The Da Vinci Code, ya ce layin na ɗauke da asirin wata ƙungiyar ɓoye.

Tururuwar ta ishi limaman cocin, har suka manna sanarwa cewa labarin ƙage ne. Masu yawon buɗe ido suka karanta a tsanake, suka ɗauki hotonta, suka ci gaba da leƙen daɓe.