Fatsar 'Yan Gayu

Duk wanda ya taɓa zuwa rumfar zaɓe, ko wurin rabon taki, ko bikin buɗe rijiyar burtsatse, ya san falmaran ɗin nan mai ruwan ƙasa wadda aljihu ya yi wa yawa. Aljihu a ƙirji, aljihu a ciki, aljihu a kan aljihu, har da wani ƙato a baya wanda hannun mai rigar ba ya kaiwa. 'Yan jarida na sa ta, masu sa ido a zaɓe na sa ta, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ba sa rabuwa da ita. Kwamishina ma in zai je duba kwalbatin da ruwa ya cinye, a kan shadda yake ɗora ta. Da ka saka ta sai a dare maka hanya, ko da kuwa goro ne da cajar waya kawai a aljihun.

To, rigar masunta ce. Wani Ba'amurke mai suna Lee Wulff ake jingina wa ƙirƙirarta, wajen 1930, saboda yana son inda zai zuba ƙugiyoyi da zare yana tsaye a tsakiyar rafi. Daga can ta bi duniya, ta biyo dilar gwanjo ta sauka a Ƙofar Wambai a Kano, muka mai da ita rigar manya. Shekara da shekaru muna sa rigar su ba mu sani ba. Yanzu da wasu suka gano, sai suka ce ai kuwa sai an haɗa da sauran kayan.

Turawa suna da wata irin fatsa da ba a sa tana, ba a sa fara, ba a sa gara. Gashin zakara ake samu da zare, a ɗaure a jikin ƙugiya har ya ɗauki kamannin ƙwaro, a wurga shi ya sauka a saman ruwa, kifi ya zaci rabonsa ne ya tsaga. Da yake ƙudan ƙaryar ba shi da nauyin da za a jefa, igiyar ce ake yi da nauyi, mai fatsa ya yi ta kaɗa ta gaba da baya a sama kafin ya sake ta. Abin ya daɗe. Wani marubucin Rum, Aelian, ya ba da labari wajen shekara ta 200 miladiyya cewa mutanen Masedoniya na naɗa jan ulu da gashin zakara biyu a ƙugiya su kama kifi. Wato yaudara ce tsagwaronta. Masuncinmu ko ba komai yakan ba kifi loma ɗaya ta gaskiya kafin ya kai shi tukunya.

Kayan kuwa ba a magana. Akwai sanda mai tsawon ƙafa 9 wadda ba ta da nauyi a hannu sai a aljihu, don ta kirki daga kamfanin Orvis na Amurka ko Hardy na Ingila tana iya kaiwa dala 1,000, sama da naira miliyan ɗaya ke nan. Akwai kwarkwaron naɗe igiya. Akwai wandon ruwa mai haɗe da safa wanda ke kaiwa har ƙirji, da takalminsa na musamman don kada santsi ya kwashe mutum. Akwai tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da malafa, da akwatin ƙudaje, kowane ƙuda da sunansa na yanka. Kowace shekara kamfanoni sai sun fito da sabon yayi, a ce wandon bana ya fi na bara numfashi. Kifin dai shi ne na bara, bai sauya ra'ayi ba.

Kada a ce mu kaɗai abin ke taɓawa. A 2009 wani saurayi Ba'amurke, Edwin Rist, ɗalibin busa sarewa a Landan, ya fasa tagar gidan adana kayan tarihi na garin Tring ya kwashe fatun tsuntsaye 299, wasunsu an ajiye su fiye da shekara ɗari don amfanin masu bincike. Gashinsu yake so, ya ɗaura ƙudaje ya kuma sayar wa masu irin ciwonsa. Da yawa daga masu ɗaura irin waɗannan ƙudajen na ado ba sa ma jefa su a ruwa. A cikin gilashi suke jera su, su zauna suna kallo. Saboda haka in an zo maganar son kaya fiye da aiki, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mutumina ma'aikaci ne a Abuja, ɗan Kazaure gaba da baya, ba ya zuwa gida sai da salla ko ɗaurin aure. Kwas aka tura shi Ingila, ya ga dattawa tsaye cikin rafi suna kaɗa igiya, abin ya shige shi. Na san halinsa. Shekarar da ya ce zai koma noma, dogon takalmin roba ya fara saya da malafa da safar hannu, ya je gonar da ya gada ta wajen Roni ya yi hoto da fartanya sabuwa dal, takardar kuɗinta na maƙale a ƙota. Da likita ya ce ya rage tumbi, sai ga keken tsere da hular kwano da matsattsen wando, wanda sau ɗaya ya fito da shi yara suka raka shi har bakin titin Daura. Keken yana nan a zaure, matarsa Hajiya na shanya tsumman goge-goge a kai.

Wannan karon bai tsaya shi kaɗai ba. Kafin ƙugiya ta taɓa ruwa an kafa ƙungiya. An zaɓe shi shugaba, an zaɓi mataimaki na ɗaya da na biyu, da ma'aji, da sakataren yaɗa labarai, an naɗa uban ƙungiya. An buɗe zauren WhatsApp, an yi mako guda ana musu a kan launin hula, har wani ɗan Gwiwa ya yi fushi ya fita, aka tura tawaga ta ba shi haƙuri. Shugaba ne kaɗai mai sandar Ingila. Sauran suka bazama gwanjo, kowa ya samo abin da ya samu. Ma'aji ya dawo da wandon ma'aikatan kashe gobara, ya rantse duk ɗaya ne. Mu dai haka muke: ko gawa za a kai, in da hali sai an fitar da anko.

Ranar fita ta zo a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma inuwar ma ba ta da sanyi. Suka yi jerin gwanon motoci zuwa dam ɗin Muhammadu Ayuba, wanda ke nan tun Kazaure na cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Ni aka ɗauka mai riƙe waya. Sa kaya kawai ya ci fiye da rabin sa'a. Shugaba ya zura wandon ruwa a kan wandon shadda, ya ja igiyoyin kafaɗa, ya ɗora falmaran, ya rataya 'yar koma a ƙeya, ya kafa tabarau. Kafin ya kai bakin ruwa, ruwan da ke cikin wandon ya kusa kai na waje.

A gefe akwai wani dattijo masunci zaune a kan kifaffen kwalekwale yana ɗinkin kalli. Gajeren wando ne a jikinsa da wata singileti da ta manta launinta. Ya bar ɗinkin ya zuba ido.

Shugaba ya fara kaɗa igiya. Jifan farko ƙudan ya kama reshen bagaruwa a bayansa. Na biyu ya cire hular mataimaki na biyu ya kai ta ruwa, wanda shi ne abu mafi nauyi da ƙungiya ta jawo a ranar. Daga nan hannu ya ɗan faɗa, ƙudan ya riƙa sauka a ruwa yana yawo abinsa, babu wanda ya kula shi.

Dattijon ya taso ya matso. "Sannu da aiki, Alhaji. Me ake kora ne?"

"Kifi muke kamawa, Baba. Na zamani."

Ya karɓi ƙudan ya jujjuya shi, ya kai hanci ya shinshina. "Alhaji, wa zai ci wannan? Tarwaɗa a ƙasa take, cikin taɓo. Da gashin bakinta take laluben abinci, wari take bi. Ka ba ta hanjin kaza da ya kwana, ka ga aiki. Wannan ko karfasa sai in ta ga dama."

Gaskiyarsa ke nan, kuma a nan gizo ke saƙar. Kifin da aka ƙirƙiri yawancin kayan nan dominsa, wanda Turawa ke kira tirawut, na ruwan sanyi ne mai gudu, garau har kana ganin tsakuwa. Da ido yake farauta, yana jiran ƙwaro ya faɗo. Namu ruwan kuwa kwance yake, ga laka, tabarau na dala nawa ne ma ba zai nuna maka abin da ke ƙasan taku ɗaya ba. An sayo amsa mai tsada, ba a tsaya an ji tambayar ba.

Shugaba bai karaya ba, ya shiga yi wa dattijo lacca. Ya ce a ƙa'idar wannan fatsa ma, in ka kama kifi, hoto za ka yi da shi ka mai da shi ruwa. Ya ce akwai Turawan da ke biyan dubban daloli su zo kogin Faro a arewacin Kamaru, su kwana suna neman giwan ruwa, in sun kama su sake shi. Wannan gaskiya ne. Dattijon ya yi shiru, ya dubi shugaba, ya dube ni, don ya ga ko ni ma da ni a ciki.

"Su sake shi? Da hannunsu?"

"Da hannunsu, Baba."

"Allah ya ba su lafiya."

Ka je Argungu ka gaya musu haka. Tun 1934 ake bikin nan, dubban mutane su ruga Matan Fada da gora da homa, daga su sai gajeren wando, kuma a bikin 2020 an fito da kifi mai kilo 78. Babu wanda ya tambayi wanda ya kama shi aljihu nawa ne a rigarsa, don babu rigar.

Da la'asar ta yi, aka shiga shawara. Ba a komawa gida hannu rabbana bayan an sanar da duniya tun jiya. Sai sakataren yaɗa labarai ya ja dattijo gefe. Ashe da asuba kallinsa ya kama wata ƙatuwar tarwaɗa, tana nan a baho da ranta, wata mai tuya ta riga ta biya. Sayarwa dai ba zai yiwu ba, amma aka daidaita a kan haya. Kowane ɗan ƙungiya ya biya, ya shiga ruwa iya gwiwa, ya rungume ta, ya ɗaga sanda, na ɗauka. Tun tana fizge-fizge har ta saba, ta koma juyo da kai in ta ga waya. Dattijo na tsaye yana ƙirga kuɗi yana cewa, "A hankali, Yallaɓai, kada ka matse mata ciki, ta mutane ce."

Daren nan Facebook ya cika. Bature yakan kama ya saki. Mu ba mu kama ba, amma mun saki, kuma kowa ya rubuta a ƙarƙashin hotonsa cewa ya mai da ita ruwa saboda kare muhalli. Matsalar ɗaya ce: tarwaɗar gashin bakinta na hagu a gutsire yake. Wani matashi ɗan Babura da ba shi da aikin yi ya haɗa hotunan duka a jere, ya zagaye wurin da jan layi, ya tambaya ko kifayen dam ɗin duk uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Abu guda a cikin kayan ya burge dattijon, kuma ba ya cikin raha. Da za mu tafi ya shafa wandon ruwan shugaba ya tambayi kuɗinsa. Masunta da masu noman rani da yaran da ke wanka a irin wannan kwantaccen ruwa su ne tsargiya ke ci, don ƙwayar cutar daga jikin katantanwa take fitowa ta huda fata. Wando mai hana ruwa taɓa jiki da ya yi musu rana. Shugaba ya faɗi kuɗin. Dattijo ya janye hannunsa, ya goge a singileti. Mai shiga ruwa kullum tun asuba ba shi da shi, mai shi kuma ya naɗe shi ya sa a but sai wata sallar.

Ƙungiya tana nan, har ta yi taron gaggawa a kan yaron Babura, ta kafa kwamiti. Bayanin da kwamiti ya fitar shi ne laifin ƙudajen ne, na Ingila ne, ba su san halin kifin Jigawa ba, dole a koma ɗaura na gida. Shugaba ya kalli bidiyo kwana biyu, ya sayo zare da almakashi. Saura gashi.

Hajiya na da wani jan zakara da take ji da shi, tana kiwonsa don sunan ƙanwarta. Da safe ta fito ba shi dawa ta tarar da wuyansa fes, wutsiyar ma an rage. Ta shiga ɗaki ta samu maigida da tabarau a hanci, ga gashi baje a kan darduma.

"Alhaji, me zakarana ya yi maka?"

"Hajiya, bincike muke yi. Zai tsiro."

"To, kafin ya tsiro a biya ni kuɗinsa. Kuma tunda an iya hayar kifi, shi ma gashin na haya ne, kullum da kuɗinsa."

Ma'aji ya ce babu wannan a kasafin bana. An tura maganar ga uban ƙungiya.